Minti Biyun Hanyar Kurfi

Shekara tara na yi ina ɗauko lokaci daga Dutsin-Ma ina kai wa mutanen Kurfi, kuma ba wanda ya taɓa ce mini sannu da dako. Buhunan gero da awaki da fasinja su ne kayan da ake gani a bayan a-kori-kurata, amma kayan da na fi ji da shi yana ɗaure a wuyan hannuna na hagu. Sunana Ɗanmusa, direba ne ni, a Kurfi nake kwana, a Dutsin-Ma nake lodi.

A bakin tashar Dutsin-Ma akwai shagon Gidiyon mai gyaran agogo, mutumin Kagoro, wanda ya zo garin tun yana saurayi har furfura ta same shi a nan. Baban Salomi muke ce masa. A bangon shagonsa akwai wani babban agogo mai lilo, kuma shi ne alƙalin duk agogunan garin. Kullum da safe Gidiyon zai kunna rediyonsa ya kamo tashar nan da ke buga tit, tit, tit kafin labarai, ya tsaya a kan kujera da yatsa a kan dogon hannun agogon, da ƙarar ƙarshe ta buga sai ya daidaita shi. Daga nan malaman makaranta da ma'aikatan ofis da mai buga ƙararrawar coci duk su riƙa leƙowa suna gyara nasu. Ni ma in na iso sai in gyara nawa, in juya da shi Kurfi kafin azahar.

Ba wai babu rediyo a Kurfi ba. Akwai, har da masu rigar fata. Amma mutanenmu labarai da waƙa da gaishe-gaishe suke nema, ba wanda zai zauna riƙe da agogo yana jiran tit-tit. Ya fi musu sauƙi su jira ƙarar motata. Da na kashe inji sai a kewaye ni ana miƙo wuya, ni kuwa in ɗaga hannun riga a hankali, don ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi mini daɗi.

Ina da wani sirri guda. Agogona ya tsufa, hanyar Kurfi kuma a lokacin ramuka ne da gargada, saboda haka kafin in isa ya kan yi baya da minti biyu cif. Na gwada na sake gwadawa. Don haka in na daidaita shi a shago na shiga mota, sai in tura shi gaba da minti biyu, in ce wannan na hanya ne. Ban taɓa gaya wa Gidiyon ba. Mutum ne da za ka zagi kakansa ya yi dariya, amma ka ce agogon da ya gyara yana latti, to ranar ba zai ci tuwo ba.

Wanda ya fi kowa bukatar lokacin nan shi ne Malam Hudu, ladanin masallacin unguwarmu, aminin mahaifina, wanda nake kira Baba. Shekara talatin da huɗu yana hawa 'yar matakalar ƙasar nan ta gefen masallaci yana kiran salla. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kano, kiran nan shi ne abin da ya rage masa, shi ke tashe shi, shi ke sa shi wanke riga. Sai yanar ido ta rufe masa gani, har ya zama ba ya bambance faɗuwar rana da gilmawar gajimare. Gidiyon ne ya samo masa dabara: ya cire gilashin wani agogon tebur, yadda Baba zai shafa hannayen da kan yatsa ya san ƙarfe nawa. Ni ne mai daidaita masa shi kullum.

A azumin 1981, wanda ya faɗo tsakiyar damina, sai Alhaji Sabitu mai hatsi ya tada magana. Ya dawo daga aikin hajji da agogo mai lamba, wanda ba ya da hannu ko ɗaya, kuma tun daga ranar ba a gama gaisawa da shi bai duba wuyan hannunsa sau uku ba. Ya je ya sami Liman ya ce bai kamata azumin unguwa guda ya rataya a kan yatsan makaho ba, ga ƙanen matarsa Labaran, magidanci mai ido biyu da murya mai daɗi. Liman mutum ne mai gudun rigima. Ya yanke cewa Malam Hudu ya ci gaba, amma in ya yi kuskuren lokaci ko sau ɗaya a wannan azumi, Labaran ya karɓa. Baba ya ce ya yarda. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai, na rantse a zuciyata cewa lokacin da zan riƙa kawo masa ko daƙiƙa ba za ta kuɓuce ba.

Shi ya sa ranar goma ga wata na kai wa Gidiyon ƙwan zabi, na ce ya duba mini agogona. Ya buɗe shi, ya wanke masa ciki, ya ɗiga mai, ya canza wata 'yar waya. Agogo ya warke sarai, ya daina latti a hanya. Ni kuwa ban sani ba, na ci gaba da ƙara masa minti biyuna.

Abin da kuma ban sani ba shi ne, a daren ranar ruwa ya yoyo ta kwanon shagon ya cika rediyon Gidiyon. Ya aika da shi Katsina gyara a ɓoye, don kunya ba za ta bar shi garin ya ji cewa alƙalin agoguna ba shi da inda yake ɗaukar lokaci ba. Sai ya yi tunanin cewa duk garin babu agogon da ya amince da shi kamar nawa, tunda jiya-jiya ya fito daga hannunsa. Da safe in na miƙa masa hannu mu gaisa, sai ya riƙe ni yana tambayar iyali da awaki, ashe satar kallon wuyan hannuna yake yi. Da na tafi lodi sai ya hau kujera ya tura na bango ya zo daidai da nawa. In na dawo na gwada, sai in ga sun yi daidai.

"Baban Salomi, yau ko taɓawa ba sai na yi ba!"

"Aikin hannuna ke nan, Direba," in ji shi, yana shafa ƙirji.

Sai in shiga mota in ƙara biyu. Da ina da kai da na tambayi kaina, amma yabo ya toshe mana kwanya mu duka biyu. Haka muka riƙa tura rana gaba, minti biyu yau, huɗu gobe, shida jibi. Kwana uku na farko gari garau yake da yamma, kowa yana ganin faɗuwar rana da idonsa, wani ya ce wa Baba ta faɗi, ya hau ya kira, ba mai duba agogo. A rana ta huɗu hadari ya rufe yamma, haka ma ta biyar. Liman ya riga ya rubuta a allo cewa a kwanakin nan rana tana faɗuwa ƙarfe bakwai, saboda haka Baba ya shafa agogonsa, ya ji bakwai, ya kira, unguwa ta sha ruwa.

A rana ta shida an yi ruwa tun la'asar. Ya ɗauke, amma sama ta kasance a murtuke, baƙi ƙirin daga gabas har yamma. Muna zaune a rumfar ƙofar masallaci, kowa da kwanon kununsa da dabino a gabansa. A tsallaken hanya Gwaggo mai ƙosai tana ta suya, ƙamshin yana yi wa masu azumi mugunta. Alhaji Sabitu ya ɗaga hannu ya ce bakwai ta yi. Labaran ya duba nasa ya ce haka ne. Liman ya ciro na aljihu ya gyaɗa kai. Ni ma na duba nawa, bakwai daidai. Baba ya shafa na tebur, ya miƙe, ya dafa bango, ya ɗora ƙafa a matakalar farko.

Sai muka ji muryar mace daga wajen Gwaggo: "Bakwai kuma? Tun yaushe? Ni nawa saura minti goma sha biyu."

Sista Lai'atu ce, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi na garin, ta taso daga aiki ta tsaya sayen ƙosai. Da Gwaggo take magana, ba da mu ba, tana duba ɗan agogon nan da ke maƙale a ƙirjin farar rigarta. Mutane suka yi dariya. Wani ya ce agogon Sista ma azumin yake, shi ya sa ba shi da ƙarfin tafiya.

Baba bai yi dariya ba. Ya sauke ƙafarsa daga matakala.

"Ɗiyata Lai'atu, matso nan. Mi kika ce?"

Ta tsallako tana jin nauyi, ta rusuna ta gaishe shi. "Baba, ku yi haƙuri, ba da ku nake ba. Wataƙila nawa ne ya lalace."

"Wa ya daidaita maki shi?"

"Ni da kaina, Baba. Kullum da safe da ƙarar rediyo, saboda allurai da awon bugun jini."

"Yau ma?"

"Yau ma."

Alhaji Sabitu ya gyara zama. "Malam Hudu, mi muke jira? Agogo biyar sun ce bakwai, guda ya ce a'a. Wannan ai ba abin shawara ba ne. Yunwa muke ji."

"To Alhaji, bari in tambaye ka. Naka wa ya daidaita maka shi?"

Alhaji ya ɗan yi tari. Ashe 'yan kwanakin nan kullum sai ya ga agogonsa mai lamba yana baya da na kowa, har ya fara zargin cewa an cuce shi a Makka. Kullum sai ya sa Labaran ya danna masa maɓallin da tsinken ashana ya kamo sauran. Wato agogon da ya fi na kowa gaskiya a unguwar, shi aka yi ta koya wa ƙarya da tsinke.

"Labaran ya gyara mani," in ji shi.

"Labaran, kai hwa?"

"Da na Ɗanmusa na gwada, Baba."

"Allah gafarta Malam, na aljihunka?"

Liman ya ce, "Ɗanmusa ne, da azahar."

"Nawa ma shi ne. Kai kuma Ɗanmusa, ina ka samo?"

"Bangon Baban Salomi, Baba, kamar kullum."

"Kai ka ji ƙarar rediyon da kunnenka?"

Na ce a'a.

Baba ya juya wajen da yake jin numfashin Liman. "Allah gafarta Malam, in mutum biyar suka zo maka suka ce an ga wata, ka tambaye su, kowa ya ce Ɗanmusa ya hwaɗa mashi, shaida nawa ke nan?"

"Ɗaya," in ji Liman.

"Shi ma ɗayan bai gani ba, bangon wani ya kalla. Ita kuwa ta ji da kunnenta yau da sahe. Ashe ba biyar da ɗaya ba ne, ɗaya da ɗaya ne, kuma nata ya hi kusa da tushe."

Alhaji ya fusata. "Yanzu maganar Musulmi biyar za ka aje ka ɗauki ta agogon Sista?"

"Agogo ba shi da addini, Alhaji. Kuma Musulmin nan biyar, duk daga bangon Gidiyon suka sha. In nata ne ba daidai ba, mun yi asarar minti sha biyu. In namu ne, mun yi asarar yini guda. Ni zan jira."

Ya koma ya zauna a kan buzunsa. Rumfa ta ɗauki gunaguni. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce taurin kai. Alhaji ya kalli Liman ya ce, "Ka dai gani da idonka, jinkiri ma kuskure ne." Sannan ya yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya jefa dabino a baki, ya ɗaga kwanon kunu ya kafa kai. Na tsorata wa Baba matuƙa. In agogon Sista ne ya yi latti, to kiransa ya ƙare a ranar, a kan maganar mai sayen ƙosai.

Alhaji bai sauke kwanon ba Gwaggo ta saki matsami ta ce, "La ilaha illallahu! Ku dubi yamma!"

Hadarin ya ɗage daga ƙasa kamar an yaye bakin zane, ga rana nan jawur a bayan gonaki, tsakaninta da ƙasa akwai kamar yatsa biyu. Ba alamarta ba, ita kanta, zagayayya, tana kallonmu. Hasken ya shigo rumfa ya sauka a kan kwanon Alhaji da kunun da ke gemunsa. Ko Baba da yanar idonsa sai da jan ya shige shi, ya ɗaga fuska yana murmushi.

Ban taɓa jin dariyar masu azumi irin ta ranar ba. Mutanen da ko magana ba sa iya yi don yunwa suna ta riƙe ciki. Alhaji ya ajiye kwano a hankali ya ce, "Inna lillahi," sannan shi ma, don mutum ne mai raha in ba a taɓa agogonsa ba, ya ce a daina kallonsa haka, kunun ma ba sukari. Muka zauna muna kallon rana har ta nutse, Sista ta ce bakwai ta yi, Baba ya hau ya kira. Ni ji nake kamar in ɗauke shi in zagaya kasuwa da shi.

Bayan an sallame magariba, ana ta miƙa masa hannu, sai ya miƙe ya ce jama'a su ɗan dakata.

"Kuna ta yaba mani, to ku ji sauran. Jiya da shekaranjiya hadari ya ruhe, ban tambayi kowa ba, na shahwa agogon nan na kira. Agogon da ya yi gaba da minti sha biyu yau, ba yau ya hwara ba. Ina kyautata zaton kwana biyun nan kun sha ruwa da rana a sama, kuma da muryata kuka sha. Allah gafarta Malam, mi ne hukunci?"

Ba wanda ya yi wannan tunanin, ko Alhaji bai yi ba. Da Baba ya yi shiru, da maganar ta wuce har abada.

Liman ya ce, "Ramuwa ce. Kwana biyu, bayan Salla."

Na yi wuf na ce, "Baba, laifina ne, ni na kawo lokacin!"

"Kai ka kawo, ni na kira. Zamna." Ya lalubo agogon teburin ya miƙa wajen da Labaran yake. "An yi sharaɗi da ni, na kuma yarda. Labaran, daga asuba kai ne."

Labaran ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi. Alhaji ya samu abin da yake nema, amma ban ga ya yi murna ba. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka hana ni cin tuwo.

Washegari na isa Dutsin-Ma da niyyar faɗa. Na shiga shago ko sallama ban gama ba, Gidiyon ya miƙo hannu zai riƙe nawa kamar kullum, sai na kama idonsa yana gangarawa wuyan hannuna.

"Baban Salomi, mi kake kallo? Ina rediyonka?"

Ya dubi inda rediyon yake zama, inda yanzu ya ɗora kwali don kada a lura. Ya zauna a kan benci ya gaya mini komai, kansa a ƙasa. Na buɗe baki zan zazzage masa, sai ya ce, "Amma Direba, abin da ban gane ba, agogon da na wanke da hannuna yaya zai riƙa gudu minti biyu kullum?"

Nan faɗana ya mutu. Na gaya masa labarin minti biyun hanya, tun daga shekara tara baya. Ya kalle ni, na kalle shi.

"Wato ni ina sata a wurinka, kai kana ɗauka a wurina, kana kuma ƙara gishiri?"

"Haka ne."

"Kwana shida muna yaba wa juna?"

Dariya ta kama shi har sai da ya kwanta a kan benci. Sai da na gaya masa abin da ya sami Malam Hudu sannan ta tsaya cak. Ya tashi ya je ya aro rediyon mai shayi, muka jira ƙarar ƙarfe tara tare, ya hau kujera ya mayar da agogon bango baya a gaban duk wanda ke tasha, yana faɗa da bakinsa cewa shi ya yi kuskure. Ya aika aka gaya wa makaranta da ofis da coci. Ashe duk makon 'yan makaranta suna shan bulalar latti ba da haƙƙinsu ba. Daga nan ya kulle shago ya shiga gaban mota ya ce sai ya ga tsohon nan da idonsa.

Mun sami Baba a zaurensa yana zaune, ya sa tsohuwar riga, abin da ban saba gani ba. Gidiyon ya durƙusa ya ce, "Baba, ni na jawo maka. Kunya ce ta hana ni cewa rediyona ya mutu."

"Shi kuma wannan kunya ta hana shi ce maka agogonshi na latti," in ji Baba. "Ku biyu kun yi kunyar juna, unguwa ta samu azumi biyu. Tashi, Baban Salomi, ba komi."

Gidiyon ya ce shi ma sai ya yi ramuwar nan tare da mu. Ya kuwa gwada bayan Salla, ya kai har azahar, aka same shi a bayan shago da rogo.

Da yammar ranar hadari ya sake rufewa. Wannan karon agoguna sun gyaru, na Sista ma an aika an gwada da shi, an kuma kunna rediyo biyu tun ƙarfe shida. Bakwai ta yi, Labaran ya hau matakala ya kira. Gaskiya muryarsa da daɗi, ta fi ta Baba nesa ba kusa ba, har tsikar jikina ta tashi. Ya gama ya sauko.

Ba wanda ya taɓa kwanonsa.

Na duba dama na duba hagu. Kowa ya riƙe dabino yana satar kallon na kusa da shi. Daga cikin gidaje, inda a kullum da an kira sai ka ji ƙarar ludayi da ƙwarya da hayaniyar mata, shiru kake ji. Gwaggo ta ɗago murya daga tsallake: "Wai an sha ko ba a sha ba? Matan unguwa sun aiko, sun ce su ba su ji Malam ba."

Liman ya ce, "An kira, Gwaggo, ku sha." Amma shi ma na lura dabinonsa yana hannu.

Alhaji Sabitu yana zaune da kwanon kunu a tafinsa, ya kai shi baki ya dawo da shi, ya duba agogonsa, ya duba sama. Mutumin da ke da ramuwa uku a wuyansa ba ya son ta huɗu. Can ya ce, "Ina Malam Hudu?"

Aka waiga. Baba yana can ƙarshen rumfa a jingine da bango, shi kaɗai a duk unguwar ya sha ruwa. Ya cinye dabinonsa, ya kusa rabin kunu, yana tauna ƙosai hankali kwance.

"Malam," in ji Alhaji, "ta hwaɗi kuwa?"

"Ladani ya kira, Alhaji. Ni makaho ne, mi na sani?"

"Don Allah bar wannan magana. Tashi ka hwaɗa masu da bakinka, mutane za su mutu da yunwa."

"Ba wurina ba ne yanzu."

Labaran ne ya taso ya durƙusa a gabansa ya kama hannunsa. "Baba, wallahi ni kaina ban sha ba. Taso."

Ya kai shi har matakala. Baba ya hau a hankali, ya dafa bango, ya cika ƙirji, ya ce da iyakar ƙarfinsa, "Jama'a, ku sha ruwa! Rana ta hwaɗi!"

Unguwa ta ɓarke gaba ɗaya. Ludaya, ƙore, guɗa daga wani gida, Gwaggo tana ta zuba ƙosai ba ta ma kallon hannun mai karɓa. Alhaji ya shanye kwanonsa tas bai numfasa ba, ya goge baki, ya juya ga Liman.

"Allah gafarta Malam, ni na kawo maganar nan, ni na janye ta. Mutumin da zai tona kanshi ba wanda ya tambaye shi, in ya ce ta hwaɗi, to ta hwaɗi. Labaran ya riƙa duba mashi sama da agogo, shi ya riƙa kira."

Liman ya dubi Labaran, Labaran ya ce shi ma abin da yake roƙo ke nan. Liman ya ɗaga kai wajen matakala ya ce, "Malam Hudu, ka ji. Isha'i taka ce."

Baba ya sauko, ya ce mini in raka shi gida kafin lokaci ya yi. Na ce ai ba nisa tsakanin magariba da isha'i, ya zauna mana. Ya ce a'a, ba zai hau da wannan rigar ba. A hanya yana riƙe da kafaɗata.

Da isha'i ta yi ya hau da farar rigarsa ta Juma'a. Muryar ta fi ta kullum rawa, sau biyu tana sarƙewa a tsakiya, kuma har ya kai ƙarshe ba wanda ya motsa a rumfar.